Sabon filin Man U: hoto mun gani, to wa zai biya?

Tun ranar 11 ga Maris 2025 da Sir Jim Ratcliffe, attajirin da ya sayi wani kaso na kulob ɗin, ya tara 'yan jarida a Landan ya nuna musu zanen sabon filin Manchester United, 'yan Man U ɗinmu na nan suka samu abin sawa a sitatus. Fili mai cin mutum 100,000, da wata ƙatuwar laima da ta rufe shi har da harabar waje, da turaku uku da suka soki sama, wai sun kwaikwayi mashin nan mai baki uku da ke hannun jan shaiɗanin tambarin kulob ɗin, mafi tsawo a cikinsu mita 200. Norman Foster ne ya zana, shi ma ɗan Manchester ne, kuma kamfaninsa na cikin waɗanda suka zana sabon Wembley, don haka ba ƙaramin mutum aka ɗauko ba. Kuɗin aikin kuma aka ce wajen fam biliyan 2. Ni ma na ji daɗin hoton, ba zan yi muku ƙarya ba, 'yan Chelsea na unguwarmu dai cewa suka yi tantin 'yan biki ne, wannan kuma hassada ce mun sani.

Amma abin da ya dame ni tun ranar shi ne, an nuna mana rufi an nuna mana fitilu an nuna har itatuwan da za a dasa a gefe, ba wanda ya tsaya ya ce ga inda biliyan 2 ɗin za ta fito. Kuma mutumin da ya nuna zanen, a cikin satin nan ɗaya ya zauna da 'yan jarida ya ce da ba don matakan tsuke bakin aljihu da ya ɗauka ba da kuɗin kulob ɗin sun ƙare ƙarƙaf kafin ƙarshen 2025. To kai jama'a. Litinin ka ce mana babu na cefane, Talata ka nuna mana gidan sama.

Bari in fara da abin da ba gardama a kai, Old Trafford ya tsufa. Tun 1910 aka buɗe shi, ya sha bam a yaƙin duniya na biyu aka gyara, yanzu yana cin mutum dubu 74 da 'yan kai, kuma aikin faɗaɗawa na ƙarshe mai sunan aiki da aka yi masa a 2006 ne, shi ma tun kafin zuwan 'yan Glazer, Amurkawan da suka sayi kulob ɗin, aka tsara shi. Da aka zo zaɓen filayen da za a buga Euro 2028 ba a sa shi ba, aka ɗauki na City, aka ɗauki na Everton wanda a lokacin ma ba a gama gina shi ba. Filin kulob mafi girma a Ingila fa ake magana.

Wanda ya kalli wasanmu da Arsenal na ranar 12 ga Mayu 2024 ba ya buƙatar a yi masa bayani. A gidan kallo na kalla, irin wanda ake jera benci a kuma rataye talabijin biyu a gaba, janareta na ta ƙara a bayan katanga, Trossard ya riga ya ci mu tun kafin hutu muna zaune jugum, can dab da tashi sai ruwa ya ɓarke a Manchester kamar da bakin ƙwarya, kyamara ta haska wata kusurwa ta rufin filin inda ruwa yake kwararowa kan kujeru ba ƙaƙƙautawa. Wani ɗan Arsenal da ke bencin gabana, tela ne a layinmu, ya juyo ya dube ni ya ce, “Yallaɓai, in ba ku da kafinta ku yi magana, akwai yaron da ya yi min kwanon shago, ba ya tsada.” Gidan gaba ɗaya ya kwashe da dariya har mai gidan kallon da yake ɗan Man U ne sai da ya murmusa. Ba ni da amsa. Cin da aka yi mana bai yi min ciwo kamar rufin nan ba.

To a kan cewa ana buƙatar yin wani abu kowa ya yarda. Ratcliffe ya kafa kwamiti a 2024 ƙarƙashin Sebastian Coe, wanda ya jagoranci shirya Olamfik ɗin Landan na 2012, ciki har da tsohon ɗan wasanmu Gary Neville da magajin garin yankin Manchester na lokacin, Andy Burnham. Suka ce in gyara tsohon za a yi, zai iya kaiwa 87,000, in sabo ne 100,000. Matsalar gyaran ita ce layin dogo da ya bi ta bayan ɓangaren Sir Bobby Charlton, dab da katanga, ba wurin da za a ja ginin baya sai dai a hau kan layin, ga kuma shekarun da za a yi ana wasa da rabin fili a rufe. Aka tambayi magoya baya, kashi 52 suka ce sabo, kashi 31 suka ce a gyara tsohon, sauran suka ce ba su yanke ba. Rigimar duk a kan aljihun da za a taɓa take.

Farkon zuwan Ratcliffe a Fabrairun 2024, lokacin da ya sayi kashi 27.7 na kulob ɗin, maganar da ya fara yi ita ce yana son gina Wembley ta Arewa, kuma ya nuna a fili cewa yana ganin ya kamata gwamnati ta sa hannu, hujjarsa ita ce mutanen arewacin Ingila su ma suna biyan haraji amma duk wani babban fili na ƙasa a Landan yake, Wembley a can, Twickenham na ragbi a can, Wimbledon a can, filin Olamfik a can, kuma duk lokacin da ƙungiyoyin arewa biyu suka haɗu a wasan ƙarshe na kofin FA sai magoya bayansu sun niƙi gari har Landan. Wannan magana in ka cire sunan mai yinta akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Matsalar mai yinta ce. Ratcliffe haifaffen Failsworth ne a yankin Manchester, ba wanda ya musa, amma tun 2020 ya tattara ya mayar da zamansa Monako inda ba a karɓar harajin kuɗin shiga. Wato mutumin da ya tsere wa haraji shi ne ya dawo yana lissafa wa mutane abin da ya kamata a yi da kuɗin haraji. Kuma ɗaya ne daga cikin mafiya kuɗi a Birtaniya, mai kamfanin sinadarai na INEOS. Turawan ba su raga masa ba, aka yi masa ca a jaridu da rediyo, direban bas ɗan Liverpool ko nas 'yar Leeds su ce a kan me za a ɗauki harajinsu a gina wa Man U fili, kulob ɗin da ko a mafarki ba sa so ya ci wasa.

Daga nan sai harshe ya sauya. Yanzu abin da kulob ɗin ke faɗa, kuma Burnham ya sha nanatawa, shi ne ko kwabo na gwamnati ba zai shiga ginin filin kansa ba, Man U ce za ta nemo kuɗinta, gwamnati aikinta shi ne raya unguwar da ke kewaye, tituna, jiragen ƙasa, gidaje, da sauransu. A Janairun 2025 ministar kuɗi Rachel Reeves ta fito ta ce gwamnati na goyon bayan wannan shiri na raya yankin. Aka fito da alƙaluman da wani kamfanin masana tattalin arziki, Oxford Economics, ya haɗa: fam biliyan 7.3 duk shekara ga tattalin arzikin ƙasa, ayyukan yi 92,000, gidaje 17,000, ƙarin baƙi miliyan 1.8. Kulob ɗin ne fa ya ba su aikin lissafin, ku riƙe wannan. Ban ce ƙarya suka yi ba, amma ban taɓa jin wanda aka biya ya yi lissafi ya dawo ya ce wa mai biyansa aikin nan ba riba ba.

Kuma a nan ne nake ganin wayon yake, a wannan layin da aka ja tsakanin “fili” da “kewayen fili”. Bayan Old Trafford akwai wata ƙatuwar tashar sauke kwantenoni ta jirgin ƙasa ta kamfanin Freightliner, kuma zanen da aka nuna mana, da laimarsa da harabarsa, ba zai zauna ba sai an ci wani ɓangare na wannan wurin. To tashar sai ta tashi. A 2025 an yi ta maganar mayar da ita wajen St Helens, can tsakanin Manchester da Liverpool, kuma tayar da irin wannan tasha da gina wata aikin ɗaruruwan miliyoyi ne, wanda ake so gwamnati ta ɗauka da sunan rage cunkoson jiragen kaya a tsakiyar Manchester. Gaskiya ne jiragen kayan suna takura wa na fasinja a layin, wannan tsohuwar matsala ce tun kafin Ratcliffe. Amma ka gaya min, in gwamnati ta kashe kuɗi ta share maka filin da za ka yi gini a kai, ta kawo maka jirgi har ƙofa, ta tayar da darajar duk filayen da kulob ɗin ya riga ya mallaka a kewaye, sannan ka ce kwabonta bai shiga ginin ba, a takarda ka yi gaskiya, amma a takarda kawai.

Su ma masu tashar ba yara ba ne. Jaridun Ingila sun ruwaito a 2025 cewa Man U na ganin wurin bai wuce fam miliyan 40 zuwa 50 ba, su kuwa Freightliner suna maganar wajen miliyan 400. Ninki kusan goma. Ni ban ga laifinsu ba wallahi, ka fito gaban duniya ka nuna zanen gidan da za ka gina a filin maƙwabcinka tun kafin ka taya filin, me kake jira ya ce maka? Burnham ya nuna cewa in ciniki ya ƙi, akwai dokar da ta ba hukuma ikon karɓar fili ta biya diyya saboda amfanin jama'a, ta hannun hukumar raya yankin da aka ɗora Coe a kanta. Ka ga wani hannun gwamnatin ke nan kuma, wanda ba a ƙirga shi a fam.

Yanzu in za a yi adalci, 'yan Man U da ke cewa ai an yi wa wasu, suna da abin faɗa. Filin da Man City ke wasa a ciki ba su suka gina ba. An gina shi ne don wasannin Commonwealth na 2002 da kuɗin cacar ƙasa da na hukumar birnin Manchester, City suka tare a 2003 a kan hayar shekara 250, har gobe na hukumar birni ne, kuma samun wannan fili a shirye yana cikin abin da ya sa kulob ɗin ya yi wa mutanen Abu Dhabi kyau a ido a 2008. Wembley da aka buɗe a 2007 ya ci kusan fam miliyan 800, a ciki akwai miliyan 120 na cacar ƙasa ban da abin da gwamnati ta ƙara. Na West Ham kuwa shi ne abin kunyar gaba ɗaya. Filin Olamfik ne, aka kashe fam miliyan 323 wajen mayar da shi na ƙwallo, West Ham suka ba da miliyan 15 kacal, suka karɓi hayar shekara 99 a kan miliyan 2.5 duk shekara, suka tare a 2016, kuma masu biyan harajin Landan ne suka ci gaba da cike giɓin kula da wurin. Amma fa wannan misalin kaifi biyu gare shi, domin saboda abin da ya faru da West Ham ɗin ne yanzu duk ɗan siyasar Ingila da ya ji an haɗa kalmar fili da kalmar haraji sai ya ja baya.

Mu nan abin zai iya yi mana banbarakwai, tunda mun saba kulob na gwamnati fili na gwamnati, Pillars ta jiha ce filin Sani Abacha na jiha ne, ba wanda zai tsaya tambayar wa zai biya. Can kuwa kulob kamfani ne na 'yan kasuwa, ribarsa aljihun masu shi take tafiya, shi ya sa tambayar take da zafi.

Su wa ye masu shi ɗin? Nan ne jinina yake hawa. Domin Ratcliffe da ake ta zagi bai kai kashi 30 ba, har yanzu 'ya'yan Malcolm Glazer ne ke riƙe da mafi yawa, kuma tunda aka fara maganar filin nan ban ji ɗayansu ya buɗe baki ya ce zai sa ko fam ɗaya ba. A 2005 mahaifinsu ya sayi Man U a kan kusan fam miliyan 790, mafi yawan kuɗin rance ne, sai ya juya ya ɗora rancen a kan kulob ɗin. Kamar mutum ne ya zo sayen shagonka a kasuwa, ya je banki ya ciwo bashi ya jinginar da shagon naka da bai riga ya zama nasa ba, ya biya ka, daga ranar kuma cinikin shagon ne zai riƙa biyan kuɗin ruwa, shi ko yana gida yana karɓar rabonsa. Kulob ɗin da ba a bin sa ko sisi kafin zuwansu ya wayi gari da bashin sama da fam miliyan 500. Shekara 20 bayan nan uwar bashin na nan ba ta motsa ba, dala miliyan 650, in ka haɗa da rancen gudanarwa da kuɗin 'yan wasan da aka saya ba a gama biya ba ya haura fam biliyan 1. Abin da ya fita daga kulob ɗin a tsawon shekarun nan da sunan kuɗin ruwa da ribar masu hannun jari da ladan bankuna shi ma ya haura biliyan 1. To Tottenham da kusan biliyan 1 suka gina nasu filin da aka buɗe a 2019, wanda kowa ke cewa babu kamarsa a Ingila. Wato kuɗin sabon filin an yi su, magoya baya sun riga sun biya ta tikiti da riga da kuɗin kallo, har da namu 'yan canjin na gidan kallo da ke zagayawa su isa can ta haƙƙin nuna wasa, sai dai ba bulo aka saya da su ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kuma ba yau suka fara ba. 'Yan Glazer su ne masu ƙungiyar Tampa Bay Buccaneers ta ƙwallon Amurka, filin da take wasa a ciki an buɗe shi a 1998, kuma jama'ar yankin ne suka gina shi da ƙarin harajin saye da sayarwa da suka kaɗa wa ƙuri'a a 1996, bayan an yi ta nuna musu cewa in ba sabon fili ƙungiyar za ta iya barin garin. Sun san hanyar sarai.

To a ce gwamnati ta tsaya a kan bakanta, fili na kulob ne ya je ya nemo. Daga ina? Hanyoyin ba su da yawa. Ko masu shi su zuba nasu, ko a sayar da sunan filin, ko a shigo da wasu masu zuba jari su mallaki wani ɓangare na ginin, ko a ciwo bashi, kuma duk wanda ya san mutanen nan ya san inda za a fi karkata. Yi lissafin da kanka, in aka ranto biliyan 2 a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari, miliyan 120 ke nan duk shekara kafin a taɓa uwar kuɗin, alhali duk abin da Old Trafford ya kawo na ranar wasa a kakar 2023/24 bai kai miliyan 140 ba. Tottenham sun yi sa'a sun ɗaure nasu bashin a 2019 lokacin da kuɗin ruwa ke ƙasa da kashi 3, wannan zamanin ya wuce. Eh, sabon fili zai ƙara kuɗin shiga, kujeru dubu 26 ne ƙari, ga ɗakunan manyan baƙi, ga mawaƙa da damben zamani da za a riƙa kawowa kamar yadda Tottenham ke kawo wasannin NFL na ƙwallon Amurka, Real Madrid ma bayan gyaran Bernabeu ne ta zama kulob na farko da ya haura yuro biliyan 1 a shekara. Amma Madrid tana cin kofin zakarun Turai tana ginin. Mu a kakar da aka nuna mana zanen na 15 muka ƙare a teburi, Tottenham ta doke mu a wasan ƙarshe na Europa a Bilbao, kakar da ta biyo ba mu leƙa Turai ba ko ta taga.

'Yan Arsenal da ke mana dariya su suka fi kowa sanin abin da nake tsoro. Emirates ya ci musu kusan fam miliyan 390, suka tare a 2006, suka sayar da sunan filin da gaban riga ga kamfanin jirgin sama na Emirates a kan kusan miliyan 100, sannan aka shiga shekarun da Wenger ke sayar da kyaftin bayan kyaftin, Henry 2007, Fabregas 2011, Van Persie 2012 wanda mu muka saye shi ya ci mana firimiya ta ƙarshe, daga 2005 har 2014 ba kofi ko ɗaya. Kuma su fa suna da Wenger da ke kai su gasar zakarun Turai duk shekara da yara. Na Valencia ya fi muni, sun fara gina sabon filinsu Nou Mestalla a 2007, kuɗi suka yanke a 2009, ƙwarangwal ɗin siminti ya tsaya a tsakiyar gari shekara 15 da ɗoriya kafin a koma aiki a farkon 2025, kulob ɗin da ya buga wasan ƙarshe na zakarun Turai sau biyu a jere ya koma sayar da duk ɗan wasan da ya yi ƙwari.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne waɗanda aka riga aka fara cirewa a jikinsu tun ba a kafa tubali ɗaya ba. A 2024 aka sallami ma'aikata 250, a 2025 aka ce wasu har 200 za su bi su. Aka soke abincin rana kyauta na ma'aikatan Old Trafford. Aka yanke kwangilar jakadancin Sir Alex Ferguson ta kusan miliyan 2 a shekara, wannan dai ba zai kwana da yunwa ba. Ana tsakiyar kaka a ƙarshen 2024 aka mayar da ragowar tikitin wasa fam 66 kowa da kowa, ba ragin yara ba na tsofaffi, uba da ke zuwa da ɗansa ya ga kuɗin yaron ya ninka fiye da sau biyu a dare ɗaya. Duk wannan a lokacin da sallamar koci Ten Hag, wanda su da kansu suka sabunta masa kwangila 'yan watanni kafin nan, da sallamar daraktan wasanni Dan Ashworth da bai wuce wata biyar a ofis ba, suka ci fam miliyan 14.5. Abincin ma'aikata na shekara nawa ke nan? Kwana biyu kafin a nuna zanen, ranar 9 ga Maris, dubban magoya baya sun yi tattaki sanye da baƙaƙen kaya zuwa filin kafin wasan Arsenal suna cewa 'yan Glazer su tafi. Daga baya kuma aka fara jin ƙishin-ƙishin ɗin wani tsari irin na Amurka, inda za ka biya dubban fam don kawai ka samu ikon sayen tikitin kaka na wata kujera, ba tikitin ba fa, ikon sayensa. Kulob ɗin ya ce ra'ayi kawai ake ji. To mun ji.

Akwai waɗanda suka ga wannan tun 2005 suka fice suka kafa nasu kulob ɗin, FC United of Manchester, suka yi karo-karo suka tara wajen fam miliyan 2 a tsakaninsu, hukumar birni da wasu hukumomin wasanni suka cika musu, suka buɗe ɗan filinsu Broadhurst Park a 2015 mai cin mutum dubu huɗu da ɗari huɗu. Kuɗin jama'a ya shiga wannan ma, amma ban ji wanda ya yi ƙorafi ba, saboda kulob ɗin na magoya bayan ne, kowa ƙuri'a ɗaya, ba wanda zai sayar da shi gobe ya sa ribar a aljihu ya hau jirgi zuwa Florida irin 'yan Glazer.

Ni dai ina son sabon filin, kar wani ya ce ɗan adawa ne ya rubuta. Ina son in ga ranar da za a buɗe shi ko da a talabijin ɗin gidan kallo ne. Kuma ban ƙi gwamnatinsu ta gyara layin dogo ta gina gidaje ba, unguwar tana buƙata ko da Man U ko babu. Amma in har za a taɓa kuɗin jama'a a share wa kulob ɗin hanya, to a rubuta a takarda abin da jama'ar za su samu, kaso a ribar filayen da darajarsu za ta tashi, da adadin kujeru masu sauƙin kuɗi da ba za a taɓa ba, kuma kafin a ranto ko fam ɗaya da sunan kulob ɗin a fara tambayar masu kashi mafi tsoka nawa za su ajiye a tebur daga aljihunsu. Omar Berrada, shugaban gudanarwar kulob ɗin, ya ce a 2025 burinsu a tare a kakar 2030/31, Foster ya ce za a haɗa ginin gunduwa-gunduwa a wani wuri a riƙa kawowa ta mashigin ruwan Manchester don a gama cikin shekara biyar maimakon goma, har ana maganar neman wasan ƙarshe na kofin duniya na mata na 2035. Shekara biyar ɗin daga ranar da aka fara haƙa take farawa, kuma ba a haƙa a filin da ba a gama cinikinsa ba.